ZAUREN 'YAN MATA: Ƙiba Ta Tafi, Fata Ta Ƙi Tafiya

  

Yau wata magana ce ta taso a cikin gidanmu har ta hana ni barci, na ga ya dace in kawo ta nan, tunda dai ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na nemi izinin mai maganar, ta kuma amince bisa sharaɗin ba zan kama sunanta ba.

Yayata ce, ɗiyar yayar mahaifiyata, tare muka tashi a nan Tudun Jukun. Tun tana ƙarama Allah Ya yi ta mai jiki, har ta kai in za ta shiga Keke Napep sai ta biya kuɗin mutum biyu, yaran unguwa kuwa babu irin sunan da ba su laƙaba mata ba. Shekara biyu da suka wuce ta yi ta fama da jiri da ciwon kai, da aka auna ta aka ce jininta ya hau, ciwon suga ma yana neman kama ta. Nauyinta a lokacin kilo 118. Tun daga ranar ta yi sallama da lemon kwalba da su cincin, ta rage malmalar tuwo, kullum bayan sallar asuba sai ta zura hijabi ita da ƙaninmu su taka har Ƙofar Doka su dawo. Babu shayin rage ƙiba, babu ƙwaya. Yau ga ta a kilo 76, jini ya sauka, tela ya rage mata kayanta kaf. Ana cikin haka manemi ya fito, magana ta je gaban manya, aka sa rana wata huɗu.

To rannan da daddare na shiga ɗakinta aron dutsen guga, sai na tarar da ita gaban madubi tana sharar hawaye. Na ce, "Subhanallahi, Yaya lafiya? Ko an fasa ne?" Ba ta ce min komai ba, sai ta ɗaga rigarta. Wallahi 'yan uwa sai da gabana ya faɗi. Fatar cikin ta zubo kamar buhun da aka juye, ta rufe mara, ga nankarwa ko'ina, ƙarƙashin ninkin kuma ya yi jajir da ƙuraje.

Ta ce, "Ke dubi Allah, da wannan zan shiga gidan mutum? Kowa yana min barka, ba wanda ya san abin da ke cikin zani. Na ga wani wuri a Instagram suna yanke ta, sarƙar gwal ɗin da Umma ta bar min zan sayar, a yi min kafin biki."

Umman nan tata shekara shida ke nan da rasuwa, sarƙar kuwa ita kaɗai ce abin da ya rage mata na tunawa da ita. Na ce, "Yaya ki yi wa Allah ki dakata, mu fara jin ta bakin likita na gaskiya tukuna."

Haka muka shirya muka nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, muka bi layi har muka samu ganin likitan fiɗa mai gyaran fata. Abin da muka jiyo shi nake so ku buɗe kunne ku ji.

Da farko dai, ita fata kamar robar siket take. In ta daɗe a buɗe shekara da shekaru sai ta saki, ko kitsen ya narke ba lallai ta koma ba. Mai ƙuruciya takan ɗan tsuke cikin shekara ɗaya ko biyu, amma wadda ta zubo sosai babu man shafawa, babu jiƙo, babu ɗamara ko motsa jikin da zai ɗauke ta. Masu tallar mai a waya kuɗinki kawai za su ci.

Na biyu, aikin ba ƙaramin aiki ba ne kamar yadda ake nunawa a hoto. Barci za a sa ki gaba ɗaya, a tsaga ƙasan ciki tun daga wannan ƙugu har wancan, a yanke fatar da ta yi yawa, a ɗinke naman ciki in ya buɗe, sannan a huda wa cibiya sabon wuri. Yakan ci awa biyu zuwa biyar. Bayan an gama akan bar 'yar roba tana tsiyayar da ruwa na wasu kwanaki, mace ta yi ta tafiya a duƙe, ga ɗamara dare da rana, kuma sai ta yi kamar mako shida ba ɗaukar bokitin ruwa, ba daka, ba wanki. Tabon kuwa yana dusashewa amma ba ya ɓacewa har abada. Sannan akwai haɗarin ruwa ya taru a ƙarƙashin fata, ko ɗinki ya yi ruwa, ko wurin ya mutu ba ki jin taɓi, mafi muni kuma jini ya yi guda a ƙafa ya haura huhu, wanda yana iya kisa. Mai ciwon suga da mai shan taba ko shisha sun fi shiga wannan haɗari.

Na uku, wanda ya sanyaya wa Yaya jiki, likitan ya tambaye ta ko tana sa ran haihuwa. Ta sunkuyar da kai ta ce in Allah Ya kawo. Sai ya ce to aikin ba ya hana ɗaukar ciki, amma ciki yana iya sake buɗe duk abin da aka ɗinke, kin ga an yi ba a yi ba ke nan, kuɗi sun tafi, tabo ya zauna. Ya ƙara da cewa ba a so a yi sai nauyin mutum ya tsaya wuri ɗaya na aƙalla wata shida zuwa shekara, alhali ita har yanzu raguwa take yi.

A mota muna dawowa sai na tuna da labarin da iyayenmu ke bayarwa na Stella Obasanjo, uwargidan shugaban ƙasa na wancan lokaci. Ranar 23 ga Oktoba 2005 ta rasu a wani asibitin kuɗi da ke yankin Marbella a ƙasar Sifen, bayan an yi mata aikin zuƙe kitsen ciki, saura 'yan makonni ta cika shekara 60. A 2009 kotu a can ta samu likitan da laifin sakaci, ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya, ta kuma hana shi aiki na shekara uku. To 'yar uwa, matar shugaban ƙasa ke nan a Turai, ina ga ni da ke da za mu bi lambar waya daga Instagram zuwa wani ɗaki da ba mu san wanda ke riƙe da wuƙar ba? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kada kuma ku ce na ce aikin haramun ne ko abin kunya, a'a, ni ba malama ba ce. Amma mun karanta a Islamiyya labarin sahabin nan Arfaja da aka yanke wa hanci a yaƙi, Manzon Allah (SAW) ya ba shi izinin sa na zinare. Haka nan Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta bambanta tsakanin tiyatar da ake yi don kawar da cuta ko maido da jiki yadda yake, wadda ta halatta, da wadda ake yi don son zuciya da kwaikwayon wasu, wadda ta hana. Don haka macen da fatar ke dafe mata duk bazara, tana wari, tana hana ta tafiya da tsarki yadda ya kamata, wannan lalura ce, ta je ta ga likita, ta tambayi malaminta, ba wanda zai zarge ta. Akwai ma aikin da fatar da ta zubo kawai ake cirewa ba tare da an taɓa naman ciki ba.

Ni dai abin da na fahimta shi ne, kafin mace ta kwanta a gadon fiɗa ta tambayi kanta tsakaninta da Allah: don wa zan yi? In don ciwon da ke jikinki ne, to wuƙa tana maganinsa. In kuwa don gorin dangin miji ne, ko tsoron kishiya, ko don wani ya ce, wallahi wuƙa ba ta yanke bakin mutane. Yau a ce tumbi, gobe a ce tabo. Sannan ki tambaya: na gama haihuwa? Nauyina ya tsaya? Wa zai yi jinyata mako shida? Likitan nan yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, ya kuma ƙware a wannan fanni? Asibitin yana da jini da ɗakin kula da wanda ya galabaita in abu ya ɓaci? Duk wanda ya ce miki "babu wata matsala, kawo kuɗi kawai," ki ɗauki jakarki ki gudu, kada garin neman gira a rasa ido.

Yaya dai ta fasa sayar da sarƙa. An rubuta mata maganin shafawa na ƙurajen, aka ce ta riƙa wanke ninkin tana tsane shi sosai, ta riƙa sa kayan auduga, cikin mako biyu wurin ya lafa. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne gaya wa angon. Kwana uku tana juya maganar, daga ƙarshe da ya zo zance ta daure ta faɗa masa cikin sakaya. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ai tun tana taka titi da asuba yake ganinta, kuma wannan naci nata ne ya sa ya fito. Ta shigo gida tana dariya tana hawaye. Amma ba ta ce ta haƙura har abada ba, cewa ta yi in Allah Ya ba ta 'ya'ya ta gama, fatar kuma tana damunta, za ta koma Shika a sake dubawa, a lokacinta, da shawarar kanta.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, ku ji tsoron Allah ku bar shan ƙwayoyin nan na sha-ka-fashe don a ce kun ciko, domin fatar da kuka buɗe yau ita za ku zo kuna kuka a kanta gobe, ban da illar da suke yi wa lafiya. Mai jiki kuma da ke son ragewa ta bi a hankali, ta nemi shawarar likita, sauri ya haifi nawa.

Wadda ta taɓa shiga irin wannan hali ta rubuto mana, za mu buga ba tare da suna ba. Ku sa Yaya a addu'a, Allah Ya sa a yi biki lafiya, Ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum,
'Yar mutan Zazzau, daga Tudun Jukun.