Zauren Malam: Aron Alƙalami

Maganarmu ta wannan wata a kan ƙaramin abu ce, wanda tsawonsa bai kai taƙi guda ba, amma ya isa ya sa mutum biyu su riƙa kauce wa juna a ƙofar majami'a. Ina nufin alƙalami mai shan tawada, da abin da yakan biyo bayan ba da aronsa.

Na san waɗansu yara za su ce, wane irin alƙalami ke nan? Ba laifinsu ba ne. Yau daga nan Zango har Daura, daga Baure har Mai'aduwa, biro ne a kowane aljihu. Maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka, wajen Magarya, su kuma "bik" suke ce da shi. Sunayen nan biyu duk na mutane ne. László Bíró ɗan jarida ne mutumin Hungary, wanda ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1938, Marcel Bich kuwa a Faransa ya fito da nasa mai araha a 1950. Amma kafin biro ya cika kasuwanninmu, malamin makaranta da akawu da malamin asibiti alƙalami mai tawada suke saƙalawa a aljihun gaba. Ku tambayi tsofaffin malaman da suka yi horo kafin shirin UPE na 1976, za su ba ku labarin yatsu masu shuɗi da kwalbar Quink a kan tebur. Har yanzu kuwa irin waɗannan alƙaluma suna nan a gidajenmu. Wani na gadon uba ne, wani kyautar sallama ce ta ranar barin aiki, wani kuma ɗa ne ya aiko wa mahaifinsa daga birni. Akwai Parker, akwai Sheaffer, akwai Pelikan na Jamus, akwai kuma Hero na ƙasar Sin.

A ganina, tushen matsalar a al'adarmu yake. Alƙalamin da muka gada a ƙasar Hausa na karan gamba ne ko sillen dawa. In almajiri ya karya na ɗan'uwansa, sai a ɗauki aska a fiƙe wani, kafin a jima an ci gaba da rubutu. Da biro ya zo, shi ma bai sa mun canza ba, gama in ya ɓata, kuɗinsa ba ya hana kowa barci. Don haka a wurinmu "ara mini alƙalami" kamar ɗiban wuta ne a gidan maƙwabci. Ba a hana mutum, wanda ya hana kuwa sunansa marowaci. Mai roƙon ba shi da wata muguwar niyya. Shi dai bai san abin da aka miƙa masa ba ne.

To, bari mu duba yadda aka ƙera shi. Bakinsa ƙarfe ne siriri, a masu tsada kuma zinariya ce, yawanci mai karat 14. An tsaga shi biyu kamar yadda ake tsaga na gamba, ta cikin tsagar nan tawada take bi ta sauko da kanta. A can tsinin akwai ɗan ƙwayar ƙarfe mai tauri ƙwarai, bai kai ƙwayar gero ba, shi ne yake taɓa takarda. Ba a danna shi. Da ya taɓa takarda, tawada ta fito. Biro kuwa ɗan ƙwallo ne a bakinsa, tawadarsa mai kauri ce, sai an danna ƙwallon yake juyawa. Hannun da ya shekara ashirin yana danna biro, musamman hannun da ya saba rubuta rasit a kan takardar kabon har kofi uku, in ya kama alƙalami mai tawada danna shi zai yi. Sai tsagar ta buɗe, ɓangarorin biyu su rabu, ɗaya ya hau ɗaya ya sauka. Daga ranar alƙalamin ya fara ƙarzar takarda ke nan, ko ya riƙa yankewa a tsakiyar kalma. Parker 51, wanda aka fara sayarwa a 1941, bakinsa a ɓoye yake cikin ƙoƙo, tsinin kaɗai ake gani. Haka ma Hero 616 da aka kwaikwaya daga gare shi. Baƙon hannu ba ya gane sama da ƙasa, sai ya riƙe shi a karkace, in bai rubuta ba ya ƙara ƙarfi, ko kuma ya yarfa shi, tawada ta fantsama a farar rigar na kusa.

Akan ce alƙalami yana sabawa da hannun mai shi, wai in wani ya yi rubutu da shi ya ɓata sabon. Akwai gaskiya kaɗan a ciki, gama shekaru masu yawa na rubutu sukan goge tsinin ta gefen da mai shi yake karkatawa. Amma layi ɗaya ko biyu da hannu mai laushi ba za su canza kome ba. Kada mu fake da wannan.

Sai murfi. Waɗansu jan su ake yi, waɗansu kuwa murɗawa. Mai aro ba ya tambaya, fizga yake yi. In kuma ya gama, ya ajiye shi a buɗe a kan benci, ya gangara. Alƙalami in zai faɗi, sau da yawa da baki yake sauka, kuma daɓen siminti ba ya tausayi. Ko bai faɗi ba, a lokacin hunturu irin namu na bakin iyaka, in aka bar shi a buɗe na ɗan lokaci tawadar bakin ta bushe.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ɓarnar da ake yi da kyakkyawar zuciya. Wani abokin aikina ya ba ƙanin matarsa aron alƙalamin da ya gada, don ya cika takardun neman aiki. Yaron mai kunya ne. Da ya ga tawada ta ƙare a hannunsa, bai so ya mayar da shi wayam ba, sai ya nemi tawada a wurin maƙwabci, aka ba shi daga kurtu, ya ɗura. Tawadar allo kuwa da gawayi ko baƙin tukunya ake yin ta, a haɗa da ƙaro. Ƙaron nan shi ne yake sa ta kama allo, shi ne kuma yake daskarewa a 'yan siraran hanyoyin da suke cikin alƙalami. Bayan kwana uku aka buɗe, ko ɗigo ba ya fita. Tawadar hatimi ta ofis ita ma haka take yi. Yaron ya yi wata biyu bai taka gidan yayarsa ba, matar kuma ta rasa bayan wanda za ta bi. Wannan asarar ta fi ta alƙalamin.

Gyara kuwa ba kusa ba ne. Mai gyaran agogo da mai gyaran waya ba aikinsu ba ne, kuma Parker 51 na asali an daina ƙera shi tun shekarun 1970, don haka ba shiga kanti za ka yi ka sayo sabon baki ba. Ko da ka sami wani irinsa, ai ba shi ne wanda mahaifinka ya sa hannu da shi a takardar aurensa ba.

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki aro da wasa ba. A Sarakuna na Biyu, sura 6, lokacin da ruwan gatari ya faɗa Kogin Urdun, abin da ya fara fitowa daga bakin mai saran itacen a gaban Elisha shi ne cewa gatarin na aro ne. A Fitowa sura 22 kuma akwai doka a kan dabbar aro: in ta ji rauni ko ta mutu ba a gaban mai ita ba, mai aro zai biya, in kuwa mai ita yana wurin, babu biya. Ni dai ina ganin wannan ya dace da alƙalami sarai. In za ka bayar, ka bayar kana tsaye. Kai ne za ka buɗe murfin da hannunka, ka nuna masa gefen da yake sama, ka ce, "Ɗan'uwa, kada ka danna, taɓawa kawai." In ya lalace a kan idonka, ka haƙura, gama kai ka miƙa. Kai kuma da ka ɗauka ka tafi da shi gida, in wani abu ya same shi, ka zo ka faɗa da bakinka tun ba a tambaye ka ba, a yi maganar biya.

Tsofaffin akawuna suna da dabara. Sukan miƙa alƙalamin su riƙe murfin, don ba mai jefa buɗaɗɗen alƙalami a aljihun riga ya tafi. Dabarar tana hana mantuwa, amma ku tuna maƙalin da yake jikin murfi shi ne yake hana shi gangarawa, saboda haka a hannu za a karɓa, ba a kan tebur ba. Ni abin da na fi yarda da shi ya fi wannan sauƙi: ka riƙa tafiya da biro guda na aro. Ranar ɗaurin aure, sa'ad da ango da amarya da shaidu suke layi a gaban rajista, ko a sakatariyar ƙaramar hukuma inda kowa yake neman abin cika fom, sai ka zaro biron ka miƙa da fara'a. Ba ka hana kowa ba, ba wanda ya ji kunya. In babba ne ya nuna na aljihun ya ce shi yake so, to, nan sai ladabi. Ka ce, "Baba, wannan tsoho ne, yana da rigima, bari in buɗe maka," ka tsaya kusa.

Iyaye mata, ku ma da naku. Yara sukan ɗauko na babansu su kai makaranta don nuna wa abokai, a aji kuwa abu yakan bi hannu goma kafin a tashi. Ina ganinsu. A ajiye shi inda hannunsu ba ya kai.

In an riga an dawo maka da naka ba ya rubutu, kada ka sa allura ko reza a tsagar. Ka zubar da tawadar da take ciki, ka tsoma bakin a ruwa mai tsabta, mai sanyi, ba mai zafi ba, ka bar shi ya kwana. Da safe ka riƙa zuƙar ruwa da shi kana fitarwa har ruwan ya fito fari, ka tsane shi da tsumma mai laushi, sa'an nan ka ɗura tawadarsa ta ainihi. In toshewa ce, sau da yawa wannan ya isa, ko da yake mai ƙaro yakan nemi jiƙo biyu ko uku. In kuwa bakin ne ya lanƙwashe, kada ka kama shi da filaya. Ka rufe, ka ajiye, sai ka sami wanda ya san aikin.