Kafin a kwance inji, a fara duba wayar kuloci

Daga Kawo har Unguwar Rimi, da tsohon Jincheng ko Boxer ya fara ƙin shiga giya, sai matashi ya kalli bidiyo a YouTube ya garzaya Panteka sayen farantan kuloci. Wannan gaggawa ce mai cin kuɗi.

In an matse kuloci an sa giya ɗaya babur ya zabura ko ya mutu, ko firi ya yi wuyar samu, to kulocin bai gama saki ba. Galibi wayarsa ce ta yi sako-sako, kuma ɗaure ta aikin minti biyar ne. Sai baƙin mai da ya tsufa ya yi kauri, musamman da sanyin hunturu. Bakanike ya fara gwada waɗannan biyun, in babur bai daina ja ba, sannan a yi maganar faranti.