ZANCEN GIDA: Ina ya kamata siminti ya shiga?



An kwashe albasa, kuɗi sun shigo hannu. Daga Galmi zuwa Dogarawa da Tsarnawa, wanda duk ka tambaya sai ya ce maka gyaran gida zai yi kafin damina. Madalla. Amma da yawa abin da suke nufi da gyara shi ne su sayi siminti su shafe tsohon bangon ƙasa, ya yi sumul kamar gidan birni. A nan kuɗi suke halaka.

Ga dalili. Bangon ƙasa yana shan laima ya kumbura, rana ta buge shi ya koma. Siminti ba ya yin haka. Shekara biyu ko uku sai ka ga ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya laɓe a baya, ba shi da hanyar fita. Daga waje bango lafiya lau, daga ciki ya jiƙe, gara kuma ta samu mafaka. Ka ƙwanƙwasa shi da hannu. In ka ji yana amsawa kamar ganga, siminti ya rabu da ƙasa ke nan. Kada ka bar yara su kwana a gindinsa. Ba mu manta da daminar 2024 ba, wadda ta rushe gidaje masu yawa a ƙasarmu, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi.

Ba muna cewa siminti mugun abu ba ne. Namu ne ma: tun shekarun 1960 ake yin shi a Malbaza. Sai dai a sa shi inda yake da amfani. A ɗaure gindin bango da dutse da siminti har zuwa gwiwa, don nan ruwa yake fara ci. Dutse kuwa Allah ya hore mana shi a Adar. A yi daɓen ɗaki da shi, shara ta yi sauƙi, ƙuma ta rasa wurin ɓuya. A gyara bakin indararo, a sa mai tsawo wanda zai jefa ruwa nesa da bango. Sauran jikin gini a yi masa yaɓe irin na iyayenmu: ƙasa mai kyau, da ciyawa, da kashin shanu, a kwaɓa a bar ta ta kwana da yawa. Mai makuba ya zuba.

Wani zai ce ginin ƙasa na talaka ne. To, ya je Yama, cikin ƙasar Illela, ya ga masallacin Juma'a. Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara shi a 1962, da ƙasa da itace da hannun mutanen gari. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan, wadda ake ba ginin da ya yi fice a ƙasashen Musulmi. A Dandaji ma, da aka tashi yin sabon masallaci, ba a rushe tsohon ba. An gyara shi ya zama ɗakin karatu, sabon kuma aka yi shi da tubalin ƙasa da aka matse da inji. An gama aikin a 2018.

Sai maganar tol. Yana hutar da mutum daga yoyo, gaskiya ne, amma a bazara ɗakin tol tanda ne. Wanda ya riga ya saya, ya yi rufin ciki da zana ko tabarma, ya bar sarari tsakani.

Kuma malam, in za ka gyara, fara da ɗakin uwargida, zaure ya jira. Can yara suke kwana, can jerenta yake. A fasa mata taga biyu masu kallon juna don iska ta ratsa, a sa musu raga saboda sauro. A shafe ciki da farar ƙasa, ɗaki ya yi haske, tasoshi da kwanoni su fito da kyau. A janye gado da jere kaɗan daga bango, don in gara ta fara hawa a gan ta da wuri.

Yaɓe yana son ya bushe sarai kafin ruwan farko. Wanda bai kwaɓa ƙasarsa ba, ya kwaɓa cikin wannan wata.