Ƙaton inji, ƙaramin jirgi: ƙarfi ba shi ne gwaninta ba

Jama'a, nasan da yawanku kun ci karo da irin bidiyon nan a TikTok ko Facebook. Wani mai kuɗi a Amurka ya ciro injin mota mai silinda 8, ya yanke cikin babur ɗin ruwa, ya cusa shi ciki, ya taka totur, ruwa ya dare gida biyu. A ƙasa kuma samarinmu na ta tafi: "Kai, Bature maye ne!" Wani ma na cewa in da makanikan Tasawa za su samu kayan aiki, da sun yi wanda ya fi wannan.

Ban musa ba, za su iya. Tambayata ita ce: wannan ne abin da ya kamata mu yi wa tafi? Ni dai ra'ayina, ɗora ƙarfi a jikin da ba a gina shi don ɗaukarsa ba, ba gwaninta ba ce, caca ce. Kuma mu a nan mun daɗe muna yin wannan cacar, sai dai da ran talakawa muke yin ta.

Mu fara da shi babur ɗin ruwan. Kamfanin Kawasaki ya fito da nasa, Jet Ski, a farkon shekarun 1970. Ba shi da farfela a waje, ruwa yake zuƙa ta ƙasa ya feso ta baya, kuma da wannan feshin ake juya shi. Wato in ka saki totur don tsoro, ka juya kai, ba zai bi ka ba, zai miƙe ne inda ya dosa. Shekaru da dama ma babu birki a jikinsa, sai a 2009 Sea-Doo suka sa wa nasu. Manyan na yau suna kai ƙarfin doki 300, amma duk da haka kamfanonin da kansu suna taƙaita gudunsu a wajen kilomita 105 a awa. Ba don ba su iya ƙarawa ba ne fa. Sun lissafa abin da jikin jirgin da jikin ɗan Adam za su iya ɗauka.

To shi mai cusa injin mota me ya yi? Injin silinda 8 shi kaɗai yakan kai kilo 200, a jikin abin da dukansa bai wuce kilo 300 zuwa 400 ba. Nauyi ya sauya wuri, jirgin ya ƙara nutsewa, juyi ɗaya zai iya kifar da shi. Na biyu, iskar hanya ce ke sanyaya lagireton mota, a cikin rufaffen jirgi kuwa babu ita. Na uku, mota na hutawa a gangara, tana canja giya, amma inji a ruwa kamar mai hawan tudun da ba shi da ƙarshe ne. Na huɗu shi ne mafi muni: tururin esansi ya fi iska nauyi. A mota yana zubewa ƙasa iska ta tafi da shi. A jirgi yana taruwa ne a ciki kamar ruwa a ƙwarya, tartsatsi ɗaya daga sitata ya isa ya tada wuta. Shi ya sa injin ruwa na gaske ake rufe masa kayan wutarsa, a sa masa fanka mai fitar da tururi.

Mai bidiyon ya san duk wannan. Yana da rigar kariya, da hular kwano, da jirgin ceto a gefe, da asibiti kusa. In abin ya tarwatse, kuɗinsa ne suka ƙone. Wannan ɓangaren ne kyamara ba ta nuna mana.

Wani zai ce: mu a Kona ina muka ga ruwa? Gulbin Kaba da ya ratsa Mayahi ai busasshe ne mafi yawan shekara, ruwan kirki sai ka je tafkin Madarunfa, ko ka bi dogon titi har Yamai ko Gaya. Gaskiya ne. Amma je ka tasha ranar kasuwa ka buɗe ido. Tsohuwar mota ce da ta girmi direbanta, an sauke injinta an ɗora mata na wata da ta fi ta girma. An ƙara mata sifirin, mai walda ya tsawaita bayanta, an loda buhunan gero da wake, an ɗora awaki, sannan mutane a sama ƙafafu na reto. Inji sabo ne, yana ja kamar zaki. Birkin fa? Na da ne. Tayoyin fa? Ƴan gwanjo ne da suka gama aiki a Turai. Wannan ita ce babur ɗin ruwanmu. Bambancin kawai, a kanta akwai gwoggonka da ta tafi sayar da ƙuli-ƙuli, kuma ba wanda ya tambaye ta ko ta yarda a yi gwaji da ranta.

Kuma kada mu manta, mu mutanen ci-rani ne. Yaranmu da ba su taɓa iyo ba sai a tafkin damina, su ne ke shiga kwale-kwale a Gaya, a Yawuri, a ƙasar Nufe. A watan Mayu na 2021, wani jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya dare a kogin Kwara kusa da Warra a jihar Kebbi, kaɗan suka tsira. A Nuwamban wannan shekarar, a Ɓagwai ta jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ƴan makarantar Islamiyya da za su wajen Mauludi. A Yunin 2023, a Patigi ta jihar Kwara, sama da mutum 100 masu dawowa daga biki suka halaka. Ba injin mota ne ya kashe waɗannan bayin Allah ba, lodi ne ya wuce ƙima, jiragen katako sun tsufa, ga rashin rigar kariya. Amma tunanin ɗaya ne: tun da inji na iya ja, a ƙara. Inji bai taɓa cewa a'a ba. Katako da ruwa ne ke cewa a'a, kuma sau ɗaya suke faɗa.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban zo zagin makanikai ba. Su ne ke riƙe da ƙasar nan. In ba don su ba, da babu injin niƙa ɗaya da ke aiki daga Tasawa zuwa Mayahi, da masu garka ba su ga injin ban-ruwa ya wuce shekara ba. Kuma sa injin mota a jirgi, a kan kansa, ba haramun ba ne. A ƙasar Tailan, jiragensu masu doguwar wutsiya da injin mota suke tafiya, an ɗora shi a sarari a bayan jirgi inda iska ke kaɗa shi, da dogon ƙarfe mai farfela a ƙarshe. A Mali ma manyan jiragen katako da ke lodi daga Mopti zuwa Tumbuktu da injin gazuwal suke tafiya. Can an daidaita inji da jiki, an san nauyin da ya dace. Abin da nake ƙi shi ne ƙarfin da babu lissafi a bayansa.

Za a ce talauci ne. Mai mota ba shi da kuɗin sabuwa, fasinja ba shi da wata motar da zai jira. Haka ne, kuma shi ya sa ba na goyon bayan a ce jami'ai su tare hanya su kwashe motoci, don mun san ƙarshen wannan: a miƙa jika ɗaya a wuce, talaka ya biya a kuɗin mota. Amma talauci bai hana wanda ya samu kuɗin sayen inji ya sayi takalmin birki ba. Zaɓi ne aka yi, aka fifita abin da ke kawo kuɗi a kan abin da ke tsare rai.

Ga abin da nake ganin za mu iya nema, kuma a samu. Ɗaya, cibiyoyin koyon sana'a na CFM da asusun FAFPA su je har garaji su sami ogannin da yaransu, a koyar da lissafin nauyi da birki da Hausa, ba sai mai takardar lakwal ba. Biyu, ɗaliban Lise Teknik Ɗan Kasawa da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi su riƙa yin aikinsu na gwaji a kan motocin kasuwarmu da injinan garka, ba a kan takarda kaɗai ba. Uku, magadan gari da ƙungiyoyin direbobi su sa doka a tasha: duk motar da aka canja wa inji, sai an duba birkinta da tayoyinta kafin ta yi lodi. Kuɗin tasha da ake karɓa kullum ai don irin wannan ne.

Huɗu kuma namu ne, ni da kai. In ƙanenka zai tafi ci-rani kudu, gaya masa: kada ya shiga jirgin da ruwa ya kusa bakinsa, kada ya ƙetare da dare, ya nemi rigar kariya ko da za a yi masa dariya. In ka ga an cika mota har ta durƙusa, yi magana, ko ka sauka. Eh, ajali na hannun Allah, amma Allah bai ce mu ƙi ɗaure raƙumi ba.

Don haka in bidiyon ya sake zuwa wayarka, kalla, ka ji daɗinka. Amma tafinka ka ajiye wa bakaniken da zai dubi mai mota ido da ido ya ce: "Alhaji, ba zan ɗora wannan injin ba sai mun gyara birki."