A Ba Kowane Suna Gurbinsa a Katalog

Magana Jari Ce ta Abubakar Imam littafi uku ce, an buga su a ƙarshen shekarun 1930, kuma kowane ɗaya cike yake da labarai masu sunayensu. Ke nan sunan hawa uku gare shi: na aikin baki ɗaya, lambar littafi, sannan sunan labari. Idan mai shigar da bayanai ya rubuta babban sunan kaɗai, na'ura za ta nuna layi uku iri ɗaya, har wani ya zaci maimaici ne ya share biyu. Ɗalibin da ya taso daga Damagaram zuwa Yamai neman littafi na biyu yana iya tarar da na ɗaya kaɗai, kuɗin mota kuwa sun tafi.

Haka yake ga Études Nigériennes, jerin da cibiyar IRSH ta Yamai take bugawa. Kowane littafi da marubucinsa, da sunansa, da lambarsa. Wanda ya cusa sunan jeri a gurbin sunan littafi ya binne marubucin.

Maganin kuwa ya daɗe. Tsarin UNIMARC, wanda ƙungiyar IFLA ta fitar a 1977, ya ware fili na 200 don sunan littafi, tare da gurbin lambar kashi da na sunan kashi, ya kuma ware fili na 225 don sunan jeri. Inda ake tuntuɓe shi ne rumbunan intanet masu amfani da Dublin Core, domin a cikin filayensa 15 ɗaya tak ne na suna. A nan wajibi ne a cika filin dangantaka, a nuna cewa wannan kashi ɗan wancan aiki ne.

Za a ce ma'aikata kaɗan ne, littattafai kuma tuli. Gaskiya ne, amma gyaran dubban bayanai daga baya ya fi cika gurbi biyu tun farko wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu ɗaliban ilimin harsuna kullum muna zana bishiyar jimla, mun san yadda ƙaramin yanki yake zama ƙarƙashin babba. Ya kamata sassanmu su nemi ɗakunan karatu na jami'o'inmu su karɓe mu aikin koyo, mu fara da kantar littattafan Hausa, mu bi su ɗaya bayan ɗaya.