"Ko kun san cewa?": muna yaɗa abin mamakin wasu, ana gwanjon namu a New York

Duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp, ko yake leƙa Facebook da TikTok, ya san saƙonnin nan da ke farawa da "ko kun san cewa". Wata halittar teku mai hannuwa takwas tana da zuciya uku. Zuma idan an rufe ta da kyau sai ta yi shekaru aru-aru ba ta lalace ba. Sarauniya Kiliyofatira ta Masar ta fi kusa da zamanin da ɗan Adam ya taka wata a kan zamanin da aka gina babbar dalar Giza. Duka ukun gaskiya ne, kuma ban ga laifin matashin da ya ƙona megarsa a kansu ba. Sun fi zage-zage da jita-jitar da ake cika zaurukan da su. Sai dai akwai tsakuwa a cikin buhun. Ganuwar Sin da ake cewa ana hango ta daga wata, ba a hango ta. Ɗan sama-jannatin Sin na farko, Yang Liwei, da ya sauko a 2003 ya ce shi ma bai gan ta ba, alhali ko kusa da nisan wata bai yi ba.

Tsakuwar nan tana da magani, a bincika kafin a tura. Abin da ya fi damuna shi ne daga gonar da hatsin ke fitowa. Kusan duk abin da muke turawa juna fassara ce daga faransanci ko turanci, a kan teku da ƙanƙara da sarakunan wasu ƙasashe. Namu kuwa, wanda ke kwance a cikin rairayin ƙasar nan, sai ya ƙetare ruwa an sa masa farashi sannan muke jin labarinsa.

A watan Nuwamban 2023 wani mai farautar duwatsun sama ya tsinci wani dutse a hamadar jihar Agadez, nauyinsa kilo 24 da ɗoriya. Bincike ya tabbatar daga duniyar Mars ya fito: wani abu ne ya daki Mars da ƙarfi, ɓaraguzai suka yi tsalle zuwa sararin samaniya, ɗaya ya yi ta yawo har ya faɗo mana. Duwatsun Mars da aka taɓa samu a doron ƙasa ba su wuce 400 da wani abu ba, kuma wannan ya fi kowane girma. An baje shi a Italiya. A ranar 16 ga Yulin 2025 gidan gwanjon Sotheby's da ke New York ya sayar da shi kan dala miliyan 5.3, wato kusan miliyar 3 na kuɗin sefa, ba tare da bayyana mai saye ko mai sayarwa ba. Bayan nan ne hukumomi a Yamai suka buɗe bincike kan yadda ya fita, suka kuma dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da duwatsun sama. Sotheby's ya ce an bi ƙa'ida wajen fitar da shi. Ko ma yaya binciken ya ƙare, dutsen ya shekara fiye da ɗaya da rabi tsakanin tsintuwa da gwanjo, kuma a tsawon lokacin nan ba a zaurukanmu ake zancensa ba.

Ko sunan da aka raɗa masa abin lura ne: NWA 16788. Haruffan uku taƙaitawar "arewa maso yammacin Afirka" ce a turance, sunan gama-gari da ake ba duwatsun Sahara da suka bi ta hannun ƴan kasuwa. A al'adar masana, dutsen sama yana ɗaukar sunan wurin da aka same shi. Ku dubi maƙwabtanmu. A ranar 3 ga Oktoban 1962 wani dutsen Mars mai kilo 18 ya faɗo a gona kusa da ƙauyen Zagami a ƙasar Katsina, ƴan taku kaɗan daga wani manomi da ke korar hankaki. Da yake an rubuta inda ya faɗi, har yau sunansa Zagami a littattafan kimiyya na duniya, har ma an saka ɗan ƙwayarsa a cikin kumbon da Amurka ta harba zuwa Mars a 1996. Ƙauyen Hausawa ya samu suna a sararin samaniya. Namu, wanda ya fi shi girma, lamba ce kawai, babu Agadez babu Nijar.

Dutsen kuma ba shi kaɗai ba ne. A Gadufawa, kudu maso gabashin Agadez, akwai ɗaya daga cikin wuraren da suka fi tara ƙasusuwan dabbobin dā a faɗin Afirka. Bafaranshe Philippe Taquet ya fara tono a can tun shekarun 1960, daga baya Ba'amurke Paul Sereno na jami'ar Chicago ya ci gaba. Daga nan aka fito da wata dabba da ta rayu sama da shekaru miliyan 100 da suka wuce, tsawonta kamar mita 9, bakinta shimfiɗaɗɗe, haƙoranta kimanin 500 jere bayan jere, kowane yana sauyawa cikin kamar mako biyu. Kiwo take yi da kai a ƙasa tamkar saniya. A 1999 aka ba ta suna Nigersaurus, wato ƙadangaren Nijar. A wurin nan kuma aka samu wani kada da ya haura mita 9. Kada a Gadufawa, inda yau raƙumi ma sai ya yi haƙuri da ƙishirwa.

Ƴan uwa mazauna Turai da Amurka wataƙila sun ci karo da Nigersaurus ta wata hanya mara daɗi. Yaran can sun mai da tambayar "wace dabbar dā ce ke da haƙori 500" abin tsokana, don sunan yana kama a kunnensu da kalmar zagin baƙar fata. Ga dabbar da ke ɗauke da sunan ƙasarku, wasu na wasa da ita don su ci muku fuska, ɗalibin lise a Maradi ko Tawa kuwa zai iya cin jarrabawar bak bai taɓa jin sunanta ba. Wanda ya san tarihin sunan yana da amsar da zai ba mai tsokanar.

Gobero ta fi taɓa zuciyata. A shekarar 2000 ayarin Sereno, suna neman ƙasusuwan dabbobi a Tenere, suka faɗa kan maƙabarta mai kaburbura kusan 200, mafi tsufa sun kai wajen shekaru 10,000. Mutanen da aka binne a bakin tabki suka rayu, domin an samu ƙugiyoyi da masun kamun kifi, da ƙasusuwan giwan ruwa da dorina. A wani kabari mai shekaru fiye da 5,000 an tarar da mace da yara biyu suna fuskantar juna, hannuwansu a haɗe, kuma ƙurar furanni da aka gano a ƙarƙashinsu ta nuna a kan furanni aka shimfiɗe su. Ban san wani "ko kun san cewa" na ƙetare da ya kai wannan ba. Ga kuma raƙuman dawan da aka sassaƙa a dutsen Dabus, babban ya haura mita 5. Ga itaciyar Tenere da ta tsaya ita kaɗai, har wani direban babbar mota ya samu damar banke ta a 1973. Gangar jikinta tana nan a Muze na Boubou Hama a Yamai, ba nisa da ƙwarangwal ɗin dabbobin dā. Mazauna Yamai nawa ne suka wuce kejin zaki suka shiga can?

Na san abin da za a ce a fada idan an kai shayi na biyu: ƙashi ba ya cika ciki, ga tsadar shinkafa, ga rashin tsaro, ga matasa suna bin hanyar Aljeriya da Libiya, wa ke da lokacin haƙorin ƙadangare? Maganar tana da nauyi. Amma miliyar 3 ɗin nan amsa ce. Bura ma amsa ce, mai ɗaci. A 1975 aka gano tukwane da mutum-mutumin yumɓu a Bura, cikin yankin Tera, masani Boubé Gado na jami'ar Yamai ya yi tono a 1983. Da aka baje kayan a Faransa a shekarun 1990, masu tara kayan tarihi suka kwaɗaitu, dillalai suka shigo ƙauyuka, aka tone mafi yawan wuraren da fartanya da shebur. Manomin da ya karɓi ƴan jikkuna ya ci na kwana biyu. Riba ta tafi waje, bayanin da ƙasa ke riƙe da shi game da waɗannan mutane ya watse, kuma shi ba a sake haɗa shi.

Ba na ɗora laifi a kan talakan da ya sayar. Wanda ya tsinci dutse baƙi mai nauyi a daji, ga mai kuɗi a gabansa, babu wanda ya taɓa gaya masa mene ne a hannunsa, me ake so ya yi? Shi ya sa nake ganin dakatar da fitarwa kaɗai ba za ta wadatar ba. Iyakokinmu na arewa sun fi ƙarfin duwan da jandarma, kuma hani babu lada sai ya ƙara tura kayan kasuwar bayan fage. Dokar kare kayan tarihi ta 1997 ba ta ambaci duwatsun sama da suna ba, ya kamata a gyara ta. A gyaran a sa kason mai tsintuwa a fili, yadda kai rahoto zai fi masa riba a kan ɓoyewa. A rubuta wurin da aka samu abu, a yanki ɗan samfuri a ajiye wa jami'o'inmu, sannan idan za a sayar a sayar da takarda.

Sauran aikin kuwa bai jiran majalisa. Masu shafukan da ke fassara mana zuciyar halittun teku suna da dubban mabiya, suna da iya magana, sun san yadda ake riƙe mutum minti ɗaya a TikTok. Su juya kyamara gida, da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Tubanci, su nuna yadda ake gane dutsen sama: ɓawon baƙi kamar an ƙona shi, nauyi fiye da girmansa, da yawansu suna jan maganaɗisu. Mushe a aji ya sa Gobero a darasin tarihi ko da littafin bai kawo ta ba. Mazauna ƙetare da ke kusa da gidajen tarihi da gidajen gwanjo su riƙa karanta ƙananan takardun da ke jikin kaya, su ɗauki hoton duk wanda aka rubuta Nijar a kansa su turo. Dubban matasa suna tonon zinariya a Jado da Cibarakaten da na'urar gano ƙarfe a hannu, kullum idonsu a ƙasa, kuma su ne suka fi kowa yiwuwar cin karo da dutse na gaba. A yanzu lambar waya ɗaya ce suka sani idan hakan ta faru, ta dillali.