Gudun Mil 26 Don Jirgin Ceton Rai

A Ingila, jiragen sama masu saukar ungulu da ke kai majiyyata asibiti, jama'a ne ke biyan yawancin kuɗinsu, ba Gwamnati ba. Na farko ya tashi a lardin Cornwall cikin 1987. Don haka kowace shekara wasu kan shiga tseren Landan, mil 26 a ƙafa, 'yan'uwa da abokan aiki suna ba da gudunmawa saboda wahalar da suka sha.

Amfanin jirgin a fili yake, gama wanda mota ta kaɗe nesa da likita, mintoci kaɗan ke tsakaninsa da ajali. Amma aikin da ya dogara ga taimako, ran da hannun jama'a ya bushe, jirgi sai ya zauna ƙasa. Wannan ne ya kamata Majalisarsu ta duba.